Akuyar Kawu Sagindik

Aktau, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawu Sagindik,

Gaisuwa da girmamawa daga ɗanka Erkebulan, ɗan Kulziya. Na sa sunan Mama ne don kada ka tsaya tunanin wane Erkebulan, tunda rabonmu da haɗuwa shekara goma sha ɗaya ke nan. Ina fata kana lafiya, kai da Inna Zibagul da gwiwoyinta. Mama tana nan ƙalau, sai ɗan hawan jini. Ita ce ta ce kada in wahalar da kaina da waya, wai ƙarar inji ta cinye maka kunne ɗaya da rabi, gara in rubuta takarda in ba kwandastan jirgin ƙasa. Busasshen kifin da ke tare da ita na Inna ne.

Ka san aikina, wata ɗaya a kan teku wurin haƙar mai, wata ɗaya hutu. To, na kama gida a Almati, can zan riƙa yin hutuna daga bazara. Mota nake so, mai lamba da takardu, wadda zan yi yawo da ita a gari, in kai ta filin tsere na bayan gari ranar da ake buɗe wa kowa, in kuma shiga wasan nan naku na Lahadi, na kewaya jajayen robobin da ake jerawa a fili da mota ana duba agogo. Na kalli bidiyo da yawa, abin ba wuya.

Biyu na ware. Akwai baƙa ƙirar Jamus mai ƙarfin doki ɗari biyar da goma, akwai kuma ruwan ɗorawa ƙirar Amurka mai silinda takwas, wadda in ta yi gurnani sai tagogi sun amsa. Gaskiya na kusa yanke hukunci a kan ta Jamus. Mama ce ta ce rashin ladabi ne in sayi mota a garinka ban tambaye ka ba, shi ya sa nake tambaya.

Wannan gwangwanin motar taka da kuke kira Akuya yana da rai har yanzu? In ya mutu kada ka damu, zan riƙa ɗaukarka a tawa ka ji yadda mota take a wannan zamani.

Naka,
Erkebulan

Almati, 2 ga Maris

Erkebulan,

Takardarka ta iso, kifin ma ya iso, kuma a cikin biyun kifin ya fi ma'ana. Muna lafiya. Gwiwoyin Zibagul suna nan yadda ka bar su, suna gaishe ka. Ka gaida Kulziya, ka ce ta rage gishiri.

Ban tsaya tunanin wane Erkebulan ba. Mutum ba ya manta yaron da ya yi masa amai a kujerar gaba a hanyar dutse, muna tafiya a giya ta biyu.

Ka ce ka kusa yanke hukunci, wato tambayar taka ta fita kunyar uwa ce. Duk da haka zan amsa, don takarda ba ta da tsada. Baƙar taka ta kusa tan biyu. A filin bayan gari ana ba mutum minti ashirin ne, kuma kafin ka gama zagaye na huɗu man burkinta zai tafasa, ka taka ka ji kamar ka taka soso. Taya huɗu za ta ci maka a yini ɗaya ta nemi ƙari. A wasanmu na Lahadi kuwa, inda babu miƙaƙƙen wurin da ya kai taku ɗari, ina za ka kai doki ɗari biyar? Tsakanin roba da roba faɗin mota ne da tafin hannu biyu, kuma duk robar da ka kayar daƙiƙa biyu ce a kanka. Ruwan ɗorawar ba zan ɓata tawada a kanta ba, ta masu son a juyo a kalle su ce. Sannan dukansu cikinsu a ƙasa yake. Ka manta titunan Almati da tuddan rage gudu? Wanda ke ƙofar gidana kaɗai ya isa ya raba ka da bamba.

Ka nemi ƙarama mara nauyi, mai tura kanta da tayoyin baya, mai giyar hannu, wadda tayarta take samuwa a kowane shago. Kada ka canza mata ko kusa ɗaya sai ka shekara kana tuƙa ta. Ka zo da sassafe ka taka filin da ƙafarka kafin a fara, yadda muke yi mu da ba mu koya a bidiyo ba.

Gwangwanin yana da rai. Kilo ɗari tara da arba'in, doki ɗari da ashirin, shekara goma sha tara a hannuna. Ranar Asabar tana kai Zibagul kasuwa ta dawo da buhun dankali a but, ranar Lahadi ta tafi fili da ƙafarta ta dawo da ƙafarta, ba a taɓa ɗora ta a tirela ba. Zibagul tana tsaye da agogo da littafinta, tana rubuta iskar kowace taya, da zafin kwalta, da abin da na yi a kowane zagaye. Wannan ita ce mota. Abin da kuke saya ku kujerar falo ce mai ƙara.

Shekara goma sha ɗaya babu ko gaisuwar sallah. Ku yaran teku kun manta komai, har da matsayinku. Kakan uwarka da kakana ciki ɗaya suka fito, don haka kai jiyen ne a gidan nan, ɗan 'yarmu. Da kana tuna al'ada da ka san jiyen yana da ikon ɗaukar abin da ransa yake so a gidan kawunsa har sau uku, kawu bai isa ya ce a'a ba. Kana shekara shida ka ɗauki wuƙata mai ƙotar ƙaho, ka jefa ta a kogi kafin sati. Kana sha uku ka ɗauki ɗan kwikwiyon farautata, ka bayar da shi saboda yana zubar da gashi a kan darduma. Ɗaya ta rage maka. Ganin yadda kake zaɓe, ko a jikina.

Kawunka,
Sagindik

Kan teku, 6 ga Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata kun wuni lafiya kai da Inna, kodayake na ga lafiyarku da idona ranar Lahadin nan ta watan jiya, musamman lafiyar muryar Inna.

Ina so in gyara wasu abubuwa da ake yaɗawa. Robobi bakwai na kayar, ba tara ba. Bambar baƙar motata da ta fita a ƙofar gidanka laifin wanda ya gina tudun ne. Hayaƙin da aka gani a filin bayan gari kuwa kowace sabuwar mota tana yinsa, mai sayarwar ya tabbatar mini. Daƙiƙa hamsin da takwas na yi a zagayena mafi kyau, kai ka yi hamsin da ɗaya, ban musa ba. Amma ba sai Inna ta karanta lokacin da ƙarfi a gaban mutum sittin ba. Na san don kunnenka take ɗaga murya, amma sau biyu ta faɗa, ta kuma ƙara da cewa, "Ban da robobin ke nan, ɗana." Kai kuma ka bi fili kana tsince su ɗaya bayan ɗaya kana kakkaɓewa, kamar mai tsintar tuffa.

Wani ya ɗauki bidiyo. Ya iso nan kafin ni. Mutum ɗari da arba'in ne a kan wannan ƙarfen na haƙar mai, kuma babu wanda bai gani ba, har mai dafa abinci. Jiya na tarar da jar roba a kan gadona.

Na zauna na yi tunani, na gane inda matsalar take. Kai da kanka ka rubuta: nauyi. An tsara wasan naku ne don ƙananan motoci, duk wanda ya zauna a Akuya zai yi hamsin da ɗaya, mai ƙuruciya ma ya yi ƙasa da haka. Shekararka sittin da huɗu, ni talatin da biyu.

Na gode da ka tuna mini da al'ada, don wallahi na manta. Ni jiyen ne, ɗaya ta rage mini. Akuya nake so, da makullinta da takardunta.

Ɗanka,
Erkebulan

Kan teku, 29 ga Yuli

Kawu,

Gaisuwa. Sati bakwai ke nan babu amsa. Da na zo hutu na buga ƙofarka sau biyu, maƙwabciya ta ce kun fita da motar tun safe. Kwandastan kuma ya rantse a hannun Inna ya sa takardar.

Ban so abin ya kai haka ba, amma na faɗa wa Mama. Ta yi ta faɗa, ta ce ba ni da kunya, sannan ta ce al'ada dai al'ada ce. A ƙarshen Agusta dangi za su taru a ƙauye don sadakar shekara ta Kaka Orazbai. In ka fi so in maimaita roƙon a can, gaban dattawa ana rabon kan rago, zan iya. Kai ne mai cewa mun manta komai.

Erkebulan

Almati, 11 ga Agusta

Erkebulan,

Muna lafiya. Ka gaida uwarka, ka ce mata ban riƙe ta da komai ba, ba ita ta koya maka ba.

Ba sai ka kai ni gaban dattawa ba. Shekara arba'in ina zama a wannan taron ina yi wa yara faɗa a kan al'ada, ba zan tsaya a gabansu da furfurata ina neman hanyar zillewa ba. Ni na buɗe bakina, ni na tuna maka. Zibagul ta karanta waccan takardar kafin in rufe ta, ta ce in goge layin, na ce yaron da ya zaɓi baƙar kujerar falo ba zai taɓa kallon Akuya ba. Raini ne ya ja mini, kuma ban daina raina ka ba, sai dai yanzu na haɗa da kaina.

Maƙwabciya ba ta yi maka ƙarya ba. Yawo muke yi. Mun kai ta tafki, mun kai ta hanyar dutsen da ka yi amai, mun shiga wasan Lahadi sau uku, ta ci biyu. Na so in nemo dalilin hana ka, na kwana bakwai ina juya abin, ban samu ba. Zan faɗa maka kai tsaye tunda ba ka iya karanta abin da ba a rubuta ba: abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ba mu da ɗa, ka sani. Wannan motar ce muke tashi mu duba da safe.

Ranar ashirin ga wata ka same ni a ofishin rajista da ƙarfe tara, a mayar da ita sunanka. Na canza mata mai, na sa sababbin burki, tankinta cike yake, don kada a ce kawu ya ba jiyen ragowa. Zibagul ta kwashe nata kayan daga ciki, jakar kasuwa da laima da littafinta.

Al'ada ba ta yarda in sa maka sharaɗi ba, don haka wannan shawara ce, kuma na san inda kake ajiye shawara. Sitiyarin Akuya a dama yake. An yi mata rajista ne kafin a daina yi wa irinta, shi ya sa take yawo a titi har yau. In lambar nan ta faɗi, ba mai sake ba ta wata. Kada ka bari zarto ko wutar walda su kusance ta. In ka ga ba ta gudu, ka duba wanda ke zaune a kujerar.

Sagindik

Almati, 17 ga Oktoba

Ranka ya daɗe Kawu,

Ina gaishe ka da Inna Zibagul da kyau, ina fata sanyin da ya fara bai taɓa gwiwoyinta ba. Ina garin, amma na kasa zuwa ƙofarka, shi ya sa na jefa wannan a akwatin gidanku.

Sau biyu na shiga wasan Lahadi da Akuya a watan Satumba. Ba ka zo ba, amma na san an faɗa maka. Na farko hamsin da bakwai na yi, na biyu ta juya da ni a kwana ta uku, na tsinci kaina ina kallon inda na fito. Na ɗauka ka rage mata wani abu kafin ka ba ni. Ka yafe mini wannan zaton.

Na kai ta wani gareji na samari a bayan kasuwar motoci. Suka ce ƙarfi ne ya yi mata kaɗan. Kafin in koma teku na bar musu ita, na ce su yi duk abin da ya kamata. Da na dawo na tarar sun sa mata wani inji, sun cire kujerar Inna, sun yanke salansa, sun yi waldar bututun ƙarfe a cikinta ta ko'ina, har sun huda jikinta a wuri shida. Kwana biyu da karɓo ta 'yan sandan hanya suka tsayar da ni saboda ƙara. Aka tura ni wurin masu duba mota, suka ce lambar inji ba ita ce a takarda ba, jikin ma an taɓa shi. An soke rajistar. Na yi kwanaki ina zirga-zirga, kowa amsa ɗaya yake ba ni, ita ce wadda ka riga ka rubuta.

Ranar Lahadin da ta wuce na kai ta fili a kan tirela. Mai rubuta sunaye ya ce ajinku na motoci masu lamba ne, babu inda zai sa ni. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaye ni ko wannan ce Akuyar Sagindik. Mutane suka taru, ba wanda ya yi dariya. Na fi son ranar da suka yi.

Kawu, na gane ba motar ba ce. Wani dattijo a can ya ce duk sirrin yana cikin littafin Inna da ƙafarka. Ina roƙon ka ba ni littafin, ko aro ne, ka kuma zo ka zauna a gefena ka koya mini, zan sa a mayar da kujerar. In kuwa ba za ka iya ba, ka karɓi motarka. Zan kawo ta har ƙofa, tsohon injin ma yana nan a garejin, ban bari sun sayar ba.

Ɗanka mai jin kunya,
Erkebulan

Almati, 23 ga Oktoba

Erkebulan,

Muna lafiya. Gwiwoyin suna ciwo, tunda yanzu tsayuwa suke yi a tashar bas.

Na ga motar. Ban jira takardarka ba, tun ranar da aka yanke salansar wani ya zo ya faɗa mini, na shiga bas biyu na je na leƙa ta katanga. Ban gaya wa Zibagul abin da na gani ba, kai ma kada ka kuskura ka kawo mata shi ƙofar gida a kan tirela kamar gawa.

Ka ce in karɓa. Abin da jiyen ya ɗauka ba ya komawa, wannan ma yana cikin al'adar da ka yi mini barazana da ita, sai dai ba ka karanta har can ba. Ko da yana komawa, me zan karɓa? Ni mota na ba ka mai kai mace kasuwa ranar Asabar ta kuma kunyata ka ranar Lahadi. Abin da ke hannunka yanzu ba ya iya ko ɗaya. Ka ajiye shi kusa da baƙar, su riƙa hira.

Sai maganar littafi. Ka iya lissafi, injiniya ne kai. Wuƙa, kwikwiyo, Akuya. Uku ke nan, ɗana. Yanzu in ka roƙi abu a gidan nan, roƙo ne irin na kowa, kuma ina da bakin cewa a'a. Na daɗe ban ji daɗin wata kalma kamar wannan ba. A'a.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ka kusa dacewa. A watan Yuni, da ka rubuto ka ce, "Kawu, ni jiyen ne, Lahadinka nake so," da ba ni da yadda zan yi. Da na zauna a gefenka duk sati har in mutu, da Zibagul ta buɗe maka shafi a littafin da sunanka a sama, da motar ma wata rana ta zo hannunka ba tare da ka tambaya ba, tunda wa muke da shi in ba kai ba? An buɗe maka gida gaba ɗaya an ce ka ɗauki ɗaya, ka ɗauki ƙarfen. Tun kana shekara shida haka kake, abin da ke ƙyalli kake gani.

Littafin ba nawa ba ne ma balle in bayar. Na karanta mata takardarka, ta ce in gaya maka tana amfani da shi. Gaskiya ta faɗa. Shekara goma sha tara hannunta ya saba, ba ta iya shiga abin hawa ba agogo. Ranar Asabar muka shiga bas zuwa kasuwa, ina riƙe da buhun da babu komai a ciki, tana riƙe da agogon. Da muka sauka ta danna, ta ɗaga murya yadda zan ji, har direban ya juyo: minti arba'in da ɗaya da daƙiƙa shida.

Ta zauna a bencin tasha ta rubuta shi, a ƙarƙashin daƙiƙa hamsin da ɗayan nan da na yi da Akuya.

Sagindik